Ƙaramin Asfirin: Wa Yake Wa Magani, Wa Kuma Yake Wa Illa?

Ba baƙon abu ba ne yanzu a zangunanmu, ko a Nima ne ko Sabon Zango ko Madina, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ka tarar da dattijo ko dattijuwa na haɗiye wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya kowace safiya bayan an sha koko. In ka tambaya sai a ce maka asfirin ne, ƙarami, na zuciya. Wasu likita ne ya rubuta musu bayan sun yi jinya a asibiti. Wasu kuwa ɗa ne ko 'ya da ke New York ko Landan ko Jamus suka aiko da kwalba guda cikin tsaraba, cike da ɗaruruwan ƙwayoyi, tare da saƙon cewa Baba ya riƙa shan ɗaya kullum, ai haka Turawa ke yi. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda a majalisa suka ji aboki ya ce yana tsinka jini, yana hana shanyewar ɓarin jiki, washegari suka tsaya a kantin magani suka saya, tunda ba a neman takardar likita kafin a sayar, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Dukkansu niyyarsu ɗaya ce, kuma kyakkyawa ce, domin kowa a cikinmu ya ga yadda ciwon nan ke kayar da magidanci mai ƙarfi rana guda, ya mayar da shi sai an kwantar an tayar. To amma fa ba jirgi ɗaya ne ya ɗebo waɗannan mutane uku ba. Na farkon, ƙwayar nan tana tsare shi ƙwarai, barinta ma haɗari ne gare shi. Na biyu da na uku kuwa, abin da manyan bincike-binciken likitoci suka nuna, musamman daga shekarar 2018, shi ne amfanin da suke samu kaɗan ne, ga tsofaffi ma babu shi, alhali haɗarin zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa na nan daram. Ga mu nan Afirka ta Yamma kuma akwai wani dalili namu na kanmu da ya sa maganar ta fi tsanani, wanda za mu zo gare shi.

Bari mu fara da abin da ƙwayar ke yi a jiki, domin a nan ne kuskuren ke farawa. Asfirin ba ya tsinka jini yadda ruwa ke tsinka kunu, ba ya wanke kitse daga jijiya, kuma ko kaɗan ba maganin hawan jini ba ne. A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne toshe rauni. Da zarar ka yanke, sai su taru a wurin, su manne wa juna, su yi gudan jini, zubar ta tsaya. Wannan rahama ce. Matsalar ita ce ƙwayoyin nan ba su san bambancin yankan wuƙa da tsagewar da ke faruwa a cikin jijiya ba. Idan kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar zuciya ya fashe, sai su ɗauka rauni ne, su taru su yi guda, su toshe hanyar baki ɗaya. Naman zuciyar da ke bayan toshewar sai ya fara mutuwa, wannan shi ne bugun zuciya. In a jijiyar ƙwaƙwalwa abin ya faru, sai ɓarin jiki ya shanye.

Abin da asfirin ke yi shi ne kashe wa ƙwayoyin nan ƙarfin mannewa, kuma duk wadda ya taɓa ba ta sake farfaɗowa har ƙarshen rayuwarta, wato kwana bakwai zuwa goma, sai dai jiki ya haifi sababbi. Shi ya sa ɗan kaɗan ke wadatarwa. Asfirin ɗin ciwon kai da muka sani tun muna yara miligiram 300 ne, wanda ake magana a kansa a nan kuwa miligiram 75 ne a Gana da Birtaniya, 81 a Amurka, 100 a Jamus da wasu ƙasashen Turai. Masani John Vane na Ingila ne ya gano yadda maganin ke aiki a 1971, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1982, kodayake kamfanin Bayer na Jamus na sayar da shi tun 1899. Amma da ma wani likitan unguwa a jihar Kalifoniya, Lawrence Craven, ya lura tun wajen 1950 cewa marasa lafiyar da suka tauni cingam mai asfirin bayan an yi musu aikin maƙogwaro sun fi zubar da jini, sai ya yi tunanin abin da ke hana jini daskarewa a maƙogwaro zai hana shi daskarewa a zuciya. Mai karatu ya lura da wannan, domin tun ranar farko ta hanyar illarsa aka gano amfaninsa. Abu ɗaya ne mai fuska biyu, ba yadda za a yi a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Sunan asfirin ya yi tashe ne a ƙarshen shekarun 1980. A 1988 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a kan mutum 17,187 da aka kawo asibiti da bugun zuciya, inda aka ga waɗanda aka ba asfirin nan take mutuwarsu ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100 a makonni biyar na farko. Shekara guda bayan haka aka buga wani binciken da aka yi a kan likitoci maza 22,071 a Amurka, lafiyayyu, wanda ya nuna bugun zuciya ya ragu da kashi 44 cikin 100 ga masu shan sa. Daga nan fa labari ya bazu, jaridu suka ɗauka, kowane ɗan shekara hamsin a Amurka ya ga ya kamata ya ajiye kwalba a gida. Wata ƙididdiga da aka yi da bayanan 2017 ta nuna Amurkawa wajen miliyan 29 da ba su da ciwon zuciya na shan sa kullum, kuma fiye da miliyan shida a cikinsu ba likita ne ya sa su ba. 'Ya'yanmu da ke can ba ƙarya suka yi ba da suka ce haka ake yi, sai dai sun aiko mana da shawarar da masu ita suka riga suka janye.

Wanda ke son ya gane inda gizo ke saƙar ya dubi lissafin da masana a jami'ar Oxford suka haɗa a 2009, bayan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 22. Sun raba mutane gida biyu. Gida na farko su ne waɗanda suka riga suka taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A cikin kowane mutum 10,000 irinsu, in ba sa shan asfirin, wajen 820 ne za su sake gamuwa da babbar matsala a shekara guda, in suna sha kuwa adadin ya dawo 670. Ke nan mutum 150 sun tsira a shekara. Gida na biyu su ne lafiyayyu waɗanda ba abin da ya taɓa samun su. A cikin 10,000 irinsu, 57 ne za su gamu da matsala in ba sa sha, 51 in suna sha. Mutum shida kacal. A gefe guda kuma, masu babbar zubar jini a cikin lafiyayyun nan sun tashi daga 7 zuwa 10. Ƙwaya ɗaya ce, nauyi ɗaya, amma ɗari da hamsin a can, shida a nan, kuma ko shidan ma sai an cire ukun da aka biya da jini.

Sai shekarar 2018, wadda a cikinta aka fitar da manyan gwaje-gwaje uku kusan lokaci guda. Wanda ya fi shafar iyayenmu shi ne wanda aka yi a Ostireliya da Amurka a kan tsofaffi lafiyayyu 19,114, masu shekara 70 zuwa sama, baƙaƙen fatar Amurka kuwa an ɗauke su tun daga 65. Rabi aka ba su asfirin miligiram 100 kullum, rabi aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba, aka bi su kusan shekara biyar. Masu shan asfirin ba su fi sauran tsawon rai cikin lafiya ba, ciwon zuciya bai ragu a cikinsu yadda za a kafa hujja da shi ba, amma babbar zubar jini ta sami 38 a cikin kowane 1,000, alhali a ɗaya ɓangaren 28 ne. Da aka sake nazarin bayanan a 2023, sai aka ga zubar jini a cikin ƙoƙon kai ta ƙaru da kashi 38 cikin 100 ga masu sha, ƙarancin jini kuma ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, wanda ke nuna wasu na ta yoyon jini a hankali ba su sani ba.

Gwaji na biyu a Birtaniya aka yi shi, a kan masu ciwon suga 15,480 da ba su taɓa samun ciwon zuciya ba, aka bi su fiye da shekara bakwai. A nan asfirin ya yi aiki, domin a cikin kowane 1,000 masu matsalar zuciya ko ƙwaƙwalwa sun sauko daga 96 zuwa 85. Sai dai masu babbar zubar jini sun hau daga 32 zuwa 41. An kuɓutar da goma sha ɗaya, an jefa tara cikin wani halin. Ɗan kasuwar Kantamanto ko Kejetia da za a kawo wa ciniki irin wannan zai tsaya ya yi tunani tukuna. Na ukun, wanda aka yi a kan mutum 12,546 a ƙasashe bakwai, bai ga wani ragi a ciwon zuciya ba, amma zubar jinin ciki ta ninka.

Me ya canza tsakanin 1989 da 2018? Ba maganin ne ya lalace ba, mutanen ne suka canza. A ƙasashen da aka yi gwaje-gwajen, shan taba ya ragu, ana maganin hawan jini da wuri, ga kuma magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin sun yaɗu, saboda haka abin da ya rage wa asfirin ya hana ba shi da yawa. Ganin haka, a 2019 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ce kada a riƙa ba wanda ya haura 70 asfirin don rigakafi kawai. A watan Afrilu na 2022 kuma kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafin cututtuka a ƙasar ya ce duk wanda ya kai 60 bai taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba, kada ya fara. Masu shekara 40 zuwa 59 da haɗarinsu ke da yawa kuwa, sai su zauna da likita a auna.

Wani zai ce to ai mu ba mu daina fama da hawan jini ba, ba mu da sitatin a kowane gida, ashe mu ne ma ya kamata mu sha. Tambaya ce mai ma'ana, amma amsarta na cikin irin shanyewar jikin da ke kama mu. Ciwon nan iri biyu ne, ko da yake a ido duk ɗaya suke. Akwai wanda gudan jini ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma wanda jijiyar ke fashewa jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Asfirin na taimako a na farko, a na biyu kuwa ƙara wa wuta mai yake yi. A Amurka kusan kashi 87 cikin 100 na toshewa ne, na fashewa 13 kawai. Amma wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Gana da Najeriya, ciki har da Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi da asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya duba marasa lafiya 2,118, ya tarar kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce. Kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan. A cikin waɗanda ba su kai shekara 50 ba ma, fiye da rabi fashewa ce. Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Fred Sarfo na Kumasi na cikin jagororin aikin, an kuma buga sakamakon a 2018.

Wannan binciken ya kuma nuna ƙarara wane ne ɓarawon. Bisa lissafinsu, kusan kashi 91 cikin 100 na shanyewar jiki a yankinmu na da alaƙa da hawan jini. Sauran dalilan, irin su yawan kitse a jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama, ƙarancin cin ganye da barbaɗa gishiri a kan abinci, duk a bayansa suke. To ka ɗauki dattijon da jininsa ya hau ya kai 180, bai taɓa aunawa ba ko ya auna ya watsar da magani, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sun riga sun raunana saboda matsin shekaru, sa'annan ka ba shi ƙwayar da ke hana jini daskarewa kowace safiya. Ba ka sauko masa da jinin ko da maki ɗaya ba, ka kuma kwance masa abin da zai tsayar da zuba ranar da jijiya ta tsage. Shi ya sa likitoci, ko ga wanda ya cancanci asfirin, sai sun ga jininsa ya sauko ya daidaita kafin su rubuta masa. Abin da ya fi ba mu tsoro ma shi ne mutumin da ƙwayar ta kwantar wa da hankali, yana ganin ai yana shan maganin rigakafi, har ya daina zuwa awo.

Don adalci, ba a rufe littafin asfirin baki ɗaya ga lafiyayyu ba. Wani gwaji da aka fitar a 2020, wanda aka yi a kan mutum 5,713 a ƙasashe irin su Indiya da Filifin da Tanzaniya, ya nuna cewa idan aka haɗa asfirin da magungunan hawan jini da sitatin, matsalolin zuciya na raguwa da wajen kashi 31 cikin 100. Amma a lura, haɗe da maganin hawan jini ne, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Shi kaɗai bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Wannan bambanci na toshewa da fashewa shi ne kuma dalilin da ya sa muke roƙon jama'a da babbar murya: idan mutum ya faɗi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu da ƙafa suka mutu a gefe guda, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, kada a ɗura masa asfirin. Ba likitan da zai iya rantsuwa da ido kawai cewa toshewa ce ko fashewa, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'ura. Hasali ma kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko kunu ko jiƙo, domin sau da yawa ciwon na taɓa haɗiya, abin da aka ba shi sai ya wuce huhu ya zama wata cutar. A kwantar da shi ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a kira 112 ko a nemi mota a nufi babban asibiti. Kada a ce bari a ga abin da safiya za ta yi, ko a tsaya shafe-shafe, ko da alamun sun ɓace bayan 'yan mintoci, domin wannan gargaɗi ne cewa babba na tafe. In hoto ya nuna toshewa ce, likitoci da kansu za su fara ba shi asfirin cikin kwana biyun farko.

Bugun zuciya kuwa hukuncinsa daban. Wanda ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa turmi, ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi, ga gumi ga sarƙewar numfashi, shi ana so ya tauna asfirin miligiram 300, wato ƙanana huɗu, a kan hanyarsa ta zuwa asibiti, muddin jikinsa ba ya ƙin maganin kuma ba ya cikin zubar jini. Taunawa ake yi don ya shiga jini da sauri.

Yanzu mu juyo ga kashi na farko, domin muna tsoron kada wani ya karanta rabin wannan shafi ya jefar da maganin da ke riƙe da shi. Duk wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar jiki ta toshewa, ko aka sa masa 'yar raga a jijiyar zuciya, ko aka yi masa aikin canza jijiya, ko yake da toshewar jijiyar ƙafa, kuma likita ya rubuta masa asfirin, to gwaje-gwajen 2018 ba da shi suke ba. Shi ne ɗaya daga cikin ɗari da hamsin ɗin nan. A Suwidin an bi mutum fiye da 600,000 masu shan ƙaramin asfirin, aka tarar waɗanda suka daina sun fi masu ci gaba gamuwa da bugun zuciya ko shanyewar jiki da kashi 37 cikin 100, kuma haɗarin na tashi ne jim kaɗan bayan dainawar. Mun san yadda abin ke faruwa a gidajenmu: an sallamo Alhaji daga asibiti, wata uku ya soma takawa, sai a ce ai ya warke, a bar magani a koma jiƙe-jiƙe. Wannan magani ba na warkewa ba ne, na hana dawowa ne, kuma galibi har ƙarshen rayuwa ake shan sa. Azumi ma ba ya hana shi, tunda sau ɗaya ne a rana, sai a mayar da shi bayan buɗa baki ko bayan sahur, a kan abinci.

Wanda ke kan asfirin da izinin likita, akwai abokan da ba sa shiri da shi, kuma mafi yawansu suna nan a kwandon maganin kowane gida. Magungunan ciwon jiki da gaɓoɓi irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda masu dako da direbobi da iyayenmu mata masu ciwon gwiwa ke sha kamar gyaɗa, su ma suna cin bangon ciki, in aka haɗa su da asfirin haɗarin zubar jini na ƙaruwa sosai. Ibufurofen ma har yana iya tare wa asfirin hanya ya hana shi aikinsa. Mai neman maganin ciwon kai ko zazzaɓi ya tsaya ga farasitamol. Haka nan mai shan wasu magungunan hana daskarewar jini kamar wafarin, da mai tarihin gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai asma wanda asfirin ke tayar wa, duk wajibi ne likita ya sani. Gyambon ciki kuwa ba sai an faɗa mana yawansa a cikinmu ba. Akasarinsa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, kuma wani gwaji da aka buga a Birtaniya a 2022 ya nuna kashe ta da magani na rage zubar jini ga masu shan asfirin a shekarun farko. Akwai kuma magungunan kare bangon ciki irin su omefirazol da likita kan haɗa wa tsofaffi. Kada a yarda da zancen cewa asfirin mai rufi, wanda ba ya narkewa sai a hanji, ba ya sa zubar jini, domin ta cikin jini yake yin illarsa, ba ta taɓa ciki kawai ba.

Alamun da ba a wasa da su su ne bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, amai da jini ko mai kama da garin kofi, haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, jiri da kasala tare da fari a ido da tafin hannu, da kuma ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Tsohon da ke kan asfirin in ya faɗi ya bugu a ka, a kai shi a duba ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, saboda jini kan taru a hankali cikin kwanaki ko makonni. Mai zuwa cire haƙori ko wani aiki ya faɗa wa likita yana sha, amma kada ya daina da kansa. Wanzami ma ya kamata a gaya masa kafin ya kafa ƙaho.

Abu biyu kuma a gurguje. A Amurka ana yi wa ƙwayar nan laƙabi da asfirin ɗin jarirai, sunan da ya rage tun zamanin da ake ba yara ita. Kada sunan ya ruɗi kowa, ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umurnin likita, domin yana iya jawo wata muguwar cuta da ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa idan yaron na fama da mura ko ƙaranbau. Haka kuma ba a shan sa a zazzaɓin dengi, wanda ya ɓulla a yankin Gabas na ƙasar nan a 2024, tunda shi kansa zazzaɓin na sa zubar jini. A gefe guda, idan aka rubuta wa mai juna biyu ƙaramin asfirin a wurin awo, kada miji ko uwar miji su hana. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ba matan da ke cikin haɗarin hawan jinin ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, kuma wani gwaji na 2017 ya nuna yana rage nau'in da ke zuwa kafin ciki ya isa haihuwa da kashi 62 cikin 100.

To ina wanda ya shekara biyar yana shan na tsaraba ba tare da ya taɓa ganin likita ba? Shawararmu ita ce ya zuba dukkan abin da yake sha cikin leda, har da na ciwon gwiwa da kwalaben gargajiya, ya kai asibiti ko wurin ƙwararren mai haɗa magani, a duba masa, domin wataƙila yana da dalilin ci gaba da shi kansa bai sani ba, wataƙila kuma a ce ya bari. Ya nemi a auna masa jini da suga da kitse a wannan zuwan. 'Ya'yanmu na waje kuma, in dai son taimakon ne, na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, ta fi kwalbar asfirin amfani ga iyaye nesa ba kusa ba. Ana aunawa ne a zaune, bayan an huta minti biyar, ba a sha kofi ko goro ko taba ba, a rubuta a takarda safe da yamma har kwana bakwai. In a asibiti awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, hawan jini ne, ko da mutum ba ya jin komai, kuma katin inshorar lafiya na ƙasa na ɗaukar jinyarsa. A kicin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya wuce giram biyar a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kifin gishiri, da yajin da ake barbaɗa wa tsire.